Ƙugun ɗanka ya wuce rabin tsayinsa?

Jama'a, yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce ƙoshi ne ke damuna. Maganar ƙibar yara ce. E, a nan Katsina. Na san inda muke. Na san a watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar nan cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Wanda ya ji wannan adadi hanjinsa bai kaɗa ba, to ya binciki zuciyarsa. Duk da haka sai na yi maganar, domin yaron da yunwa ke ci a Jibiya da yaron da sukari ke ci a GRA duk 'ya'yanmu ne. In kun yi haƙuri kun karanta za ku ga cewa sau da yawa ma yaro ɗaya ne, shekaru ne kawai suka raba su.

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta awo ta san tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani, sai a fara magani nan take. Wannan tef ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya buƙatar digiri, har iyaye mata ake koya wa su auna da kansu a gida. Mun karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma ceci rayuka. Tambayata ita ce: me ya sa muka yarda a auna yaron da ya rame, amma yaron da teɓarsa ke gaba yana biye sai mu ce masa tubarkalla mu wuce?

Ku saurari yadda muke magana. "Kai, yaron nan ya yi ɓul-ɓul!" "Lukutin Baba!" "Ɗan hutu ke nan." In an kai yaro siriri mai ƙoshin lafiya gidan kakarsa, abin da uwarsa za ta fara sha shi ne, "Ke wai mi kike ba shi? Ji yadda ƙasusuwa suka fito." Ba na ganin laifin iyayenmu mata. Sun taso a zamanin da ƙyanda da gudawa ke ɗauke ramammen yaro cikin kwana uku, mai ɗan jiki kuwa yakan jure. A wurinsu ƙiba garkuwa ce. To amma kumatun jariri mai shan nono daban, tumbin ɗan shekara goma da ke haki in ya hau bene daban. Mun ɗauko yabon da ya dace da na farko mun ɗora wa na biyu.

Duniya ta riga ta gane haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima. A 2022 sun kai kashi 20, wato sama da miliyan 390, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar tasu ta kai matakin cuta. A watan Satumban 2025 kuma UNICEF ta ce a karon farko masu ƙiba sun fi ramammu yawa a tsakanin yara 'yan makaranta na duniya, in ban da Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Wato mu ba mu kai can ba tukuna. Wani zai ce to ai shi ke nan, sai a bari sai mun kai. Ni kuwa abin da na karanta a ciki shi ne muna da sauran lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari mu zo kan awo. Yawancinmu sikeli muka sani. A ɗora yaro, a ce kilo 45, a rubuta. To kilo 45 ɗin me? Sikeli bai san tsayi ba, bai san shekaru ba, bai san tsoka da kitse ba. Shi ya sa likitoci ke amfani da ma'aunin BMI: a raba nauyi da tsayi, a sake rabawa da tsayi. Yaro mai kilo 45 da tsayin mita 1.4 zai ba da kusan 23. Ga inda iyaye masu boko ke faɗawa rami: sai uba ya duba waya ya ga an ce 18.5 zuwa 25 lafiya lau ne, ya ce ai ɗana yana tsakiya. Wancan lissafin na manya ne, Malam. Yara suna da nasu jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, wanda ke tafiya da shekaru da jinsi. A jadawalin, namiji ɗan shekara 10 in ya haura 18.5 nauyinsa ya wuce ƙima, in ya haura wajen 21.4 ya shiga ƙiba sosai. Ka ga ke nan 23 ɗin da ya kwantar maka da hankali ita ce ya kamata ta hana ka barci.

Amma BMI ma yana da makantarsa. Yana faɗin yawan jiki, ba ya faɗin inda kitsen ya taru. Kuma wurin taruwar shi ne maganar. Kitsen cinya da na ɗuwawu yana zaune ne ƙarƙashin fata, ɓarnarsa da sauƙi. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ke naɗe hanji yana maƙwabtaka da hanta, shi ne mugun. Yana tsiyayar da maiƙo cikin jinin da ke wucewa kai tsaye zuwa hanta, hanta ta fara tara kitse, jiki ya fara yi wa insulin taurin kai. Insulin shi ne ɗan aiken da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In ƙofa ta ƙi buɗuwa sai jiki ya yi ta ƙaro 'yan aike, shekara da shekaru, har gaɓar da ke samar da su ta gaji. Ranar da ta gaji ita ce ranar da likita zai ce ciwon suga. A hanya kuma hawan jini da gurɓatar kitsen jini suna biye. Duk wannan yana iya farawa yaro yana aji huɗu na firamare, yana cin abincinsa, yana dariya, babu zazzaɓi babu ciwon kai.

To da me za a leƙa wannan kitse na ciki ba tare da na'ura ba? Da tef ɗin tela. Ƙa'idar jimla ɗaya ce: zagayen ƙugun mutum kada ya kai rabin tsayinsa. Yaro mai tsayin santimita 140, ƙugunsa ya zauna ƙasa da 70. Mai 120, ƙasa da 60. Ba ni na ƙirƙiro ba. Hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, ta sa wannan awo cikin shawarwarinta a 2022, har ga yara daga shekara 5 zuwa sama. In ka raba ƙugu da tsayi ka samu 0.4 zuwa 0.49, madalla. Daga 0.5 zuwa 0.59 kitsen ciki ya ƙaru. Daga 0.6 zuwa sama haɗarin ya yi yawa. Kyawun abin shi ne ba ka buƙatar jadawali, namiji da mace ƙa'ida ɗaya, kuma yaro na girma lissafin na binsa.

Ga yadda ake yi. Yaro ya tsaya ba takalmi, ya jingina da bango, a auna tsayinsa. Sannan a laluba haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a zagaya tef a tsakiyarsu, yawanci saman cibiya kaɗan. Ba a kan riga mai kauri ba, ba bayan ya cika ciki da tuwo ba. Ya saki numfashi yadda ya saba, kada ya shanye ciki, kada kuma a matse tef ɗin. Wanda ba shi da tef ya samu zare ko igiya, ya yanke daidai tsayin yaron, ya ninka biyu, ya zagaya ƙugun. In bakin zaren biyu suka haɗu da ɗan rara, alhamdu lillahi. In suka ƙi haɗuwa, zaren ya gaya maka abin da maƙwabta ke jin nauyin gaya maka. Nawa ka kashe? Ko sisi.

Akwai kuma alamar da iyaye mata ke gani kullum ba su san sunanta ba. Wani baƙi-baƙi mai kauri da laushi a bayan wuyan yaro mai jiki, ko a hammatarsa. Sai a ce dauɗa ce, a sa soso da sabulu a yi ta dirza har yaro ya yi kuka, a ce masa ƙazami. Hajiya, soso ba zai fitar da shi ba. Sau da yawa wannan alama ce ta cewa insulin ya yi yawa a jini saboda jiki ya daina jin maganarsa. Yaron da ƙugunsa ya wuce rabi, ga wannan baƙin a wuya, ga kuma mai ciwon suga a dangi, wallahi bai kamata a kai wata ba a kai shi asibiti ba.

Tef ba likita ba ne, ƙararrawa ce. In ta kaɗa, sai a tafi Babban Asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Mata da Yara na Turai, ko wanda ya fi kusa, a nemi a auna jinin yaro da abin awo daidai damtsensa, a gwada sukarinsa kafin ya karya, in da hali a gwada kitsen jini. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya tun 2007 ta tsara yadda ake gane haɗarin ga 'yan shekara 10 zuwa 16, kuma abin da ta sa a farko shi ne faɗin ƙugu, sannan sauran gwaje-gwajen su biyo baya. Su ma da tef suke farawa.

A kula da abu biyu. Wannan ƙa'ida ba ta 'yan ƙasa da shekara biyar ba ce, su da ma cikinsu a gaba yake. Sannan yaron da hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne amma ciki ya kumbura, wannan wata magana ce: yana iya zama tamowa, ko tsutsar ciki, ko saifa ta kumbura kamar yadda ake gani ga wasu masu sikila, ko ciwon ƙoda. Shi asibiti za a kai shi yau, kada a ce za a rage masa abinci. Haka nan akwai nau'in ciwon suga da ke kama yara ba ruwansa da ƙiba ko abin da suka ci. Kada wani ya ɗauki rubutun nan ya je ya zargi iyayen da Allah Ya jarraba da shi.

Yanzu ga masu ja da ni.

Na farko, masu cewa jihar da ake mutuwa da yunwa ina ita ina zancen ƙiba. Ku ji wannan. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin rajistar haihuwa ya gano cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya da na suga in sun manyanta. A ƙasar Holan ma, 'ya'yan da suke ciki lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 an bi rayuwarsu, aka ga abin da ya yi kama da haka. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoyo, in abinci ya samu daga baya sai ya yi ta tarawa, kuma a ciki yake tarawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Waɗannan yaran ba ɓacewa za su yi ba. Za su girma, da yawansu su shigo birni, su tarar da burodi da shayi mai sukari cokali biyar da lemon kwalba da indomi. Gajeren jiki, ga tumbi. Wanda ya sha tamowa yau shi ne ke kan gaba a layin ciwon suga gobe. Don haka wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin tef ɗin damtse da tef ɗin ƙugu bai fahimci cewa yaro ɗaya ake aunawa ba.

Na biyu, masu cewa "jininmu ne, haka gidanmu muke." Gado gaskiya ne. Amma in gidanku akwai ƙiba da suga da hawan jini, ai dalilin auna yaro ya ƙaru ke nan. Wanda ya san gidansa a bakin kwari yake shi ya fi kowa duba hadari. Sannan a tambaya: jinin ne kaɗai aka gada, ko har da tukunyar?

Na uku, "zai zube in ya girma." Wasu suna zubewa. Amma wani nazari na 2016 da ya tattara bincike da dama ya nuna fiye da rabin yara masu ƙiba suna shiga samartaka da ita, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na samari da 'yan mata masu ƙiba suna manyanta da ita. Ciwon sugan da ya kama mutum yana yaro kuma ya fi na tsufa gaggawa. A Amurka an bi wasu da suka kamu suna yara a wani bincike mai suna TODAY. Sakamakon 2021 ya nuna wajen kashi 60 cikin 100 sun riga sun samu matsala a ƙoda, ko ido, ko jijiya, alhali shekarunsu a tsakaice 26 ne. Shekarun da ake aure, ake neman aiki. Can Amurka ke nan, inda magani yake. Mu ma'aikata mun san takardar da ke zagaya ofis ana haɗa wa abokin aiki kuɗin wankin ƙoda, mun san yadda kowa ke sunkuyar da kai don albashi ya riga ya ƙare. Ku yi tunanin takardar nan da sunan ɗan shekara ashirin da biyar a kai.

To laifin wa?

Namu iyaye da farko, musamman mu 'yan albashi da 'yan kasuwa na cikin gari. Mun sha wuya muna yara, sai muka rantse 'ya'yanmu ba za su sha ba, muka auna ƙauna da abin da ke cikin leda. Ku buɗe kwandon abincin ɗan nazire: lemon kwali, biskit, alawa, soyayyar taliya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen ƙaramin cokali shida a yini, kuma wannan lissafin babba ne. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya ɗaukar fiye da cokali goma. Kada kuma mu ce na gargajiya ya tsira: furar da aka zuba wa sukari ludayi guda da zoɓon da ya koma zuma duk tafiyarsu ɗaya. Ga rashin motsi. Mota ta kai shi boko, Keke Napep ya kai shi Islamiyya, ya dawo malamin lesin na jira, dare ya yi a miƙa masa waya. Ana son yaro ya samu aƙalla awa ɗaya kullum yana guje-guje har ya yi gumi. Ina langa? Ina ƙwallon layi? Na san tsoro ya shiga zukata, musamman tun abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ba wanda ke son ɗansa ya yi nisa. Amma tsakar gida da ƙofar gida ai ba daji ba ne.

Mafi muni su ne masu sayen ƙiba da kuɗinsu. Haba jama'a! A je kemis a sayo sha-ka-fashe a ɗura wa yarinya don ta ciko kafin biki, ko a ba yaro don kishiya ta ga ana kula da shi. Da yawan waɗannan ƙwayoyi irin su dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi. Yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana garkuwar jiki. Wannan cuta ce ake saye a ba ɗa da hannu. Mu ji tsoron Allah.

Sai makarantu masu zaman kansu. Kowane zango akwai layin kuɗin lafiya a takardar biya. Ni dai a duk makarantun da 'ya'yana suka zauna ban taɓa ganin an aiko min da tsayinsu da nauyinsu ba, balle ƙugu. Amma shagon lemo da alawa yana nan a bakin aji, filin wasa kuwa an gina azuzuwa a kai, wasu ma gidan haya ne ko inda za a yi tsalle babu. Najeriya tana da Manufar Lafiyar Makarantu ta Ƙasa tun 2006, wadda ta tanadi duba lafiyar ɗalibai. Tana cikin durowa tana shan ƙura.

Sai gwamnati. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi. Wato naira biyar a robar santilita 50. Wa naira biyar za ta hana shan lemo yau? Ni roƙona ga Ma'aikatar Lafiya da ta Ilimi ta jiha da Hukumar Lafiya Matakin Farko ƙarami ne, ba sai an ba da kwangila ba. A sa awon tsayi, nauyi da ƙugu sau ɗaya a shekara a kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi. Awo ɗaya zai kamo ramamme, ya kamo tsumburarre, ya kamo mai teɓa. A rubuta a katin sakamako kusa da lissafi da Turanci. Wanda ya faɗa haɗari ta kowane ɓangare a ba iyayensa takardar zuwa asibiti. Masu duba makarantu kuma su riƙa tambayar filin wasa kafin su sabunta lasisi.

Sharaɗi ɗaya: a yi shi da mutunci. Mace ta auna mace, a keɓe, ba a gaban aji ba. Kada a kira lamba da ƙarfi, kada malami ya mai da abin barkwanci. Yaro mai jiki ya riga ya sha "buhu" da "tulu" a bakin abokai, ba ya buƙatar ƙari daga gida. Kuma ba a sa yaro yunwa, ba a ba shi shayin rage ƙiba na 'yan talla. Yana kan girma, sau da yawa abin da ake so shi ne ƙugu ya tsaya tsayi ya kamo shi. Gidan ne gaba ɗaya zai canza: ruwa a madadin lemo, wake da ganye da ɗanwake da kwaɗon zogale su dawo faranti, a rage maiƙo, a kashe talabijin a fita. Ba zai yiwu Baba yana kurɓar lemo mai sanyi yana ce wa yaro ya sha ruwa ba. Af, in an gama da yaran, Baba ma ya miƙa tsayinsa a ninka zaren. Ƙa'idar ta hau kowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da daddare, in an yi sallar isha'i, a aro tef wurin telan unguwa ko a yanko zare. Minti biyu ne. Wanda ya samu ƙasa da rabi ya gode wa Allah ya ci gaba da kula. Wanda ya samu sama da rabi kada ya firgita, kada kuma ya ce tubarkalla ya mayar da tef ɗin aljihu.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, Ya kawo wa masu fama da yunwa ɗauki, Ya ba jiharmu zaman lafiya.